Yadda Ake Ƙaurar da Littattafan Nazarin Littafi Mai Tsarki Daga Wata Manhaja Zuwa Wata

Ɗalibin makarantar tauhidi a Wusasa, ko fasto a Sabon Gari, ko malamin makarantar Lahadi a Samaru, duk a yankin Zariya, muddin ya daɗe yana nazarin Littafi Mai Tsarki a kan kwamfuta, akwai ranar da zai ga dole ya bar manhajar da ya saba da ita ya koma wata. Wani kwamfutarsa ce ta tsufa har batirinta ba ya riƙe wuta, wani kuwa so yake sharhi da ƙamus su kasance a wayarsa idan an tura shi wa'azi ƙauyen da babu lantarki, wani kuma makaranta ce ta zaɓi manhaja ɗaya ta ce kowa ya bi. Akwai kuma dalilin da ya fi ƙarfin mai amfani, wato masu manhajar su rufe harka ko su sayar da ita. Kamfanin BibleWorks, wanda masu koyon Helenanci da Ibrananci suka daɗe suna dogara da shi, ya rufe a shekarar 2018, sannan a 2020 kamfanin Faithlife mai manhajar Logos ya sayi Wordsearch, aka shiga kwashe masu amfani da ita zuwa Logos.

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne, tarin da ke cikin manhajar ba iri ɗaya ba ne, ko da yake a fuskar allo duk a jere ɗaya suke. Akwai littattafan kyauta waɗanda kowa zai iya sake saukewa daga intanet, irin su sharhin Matthew Henry da ƙamus ɗin Strong. Akwai waɗanda aka saya da kuɗi, waɗanda a gaskiya izinin karanta su a cikin manhajar aka saya, ba fayil ɗin kansa ba. Sai kuma abin da mutum ya rubuta da hannunsa: bayanan da ya rataya a jikin ayoyi, tsare-tsaren wa'azi, darussan ajin baftisma, jerin ayoyin da ya tara a kan wani batu, da ayoyin da ya shafa wa launi. Na farko yana samuwa ko yaushe, na biyu yana da mai shi da za a iya tuntuɓa, amma na uku idan ya ɓata babu inda za a je a sayo shi. Yawancin mutane suna fara aikin ta baya, su kwana suna fama da littattafan da ke zube kyauta, su bar nasu rubutun sai ƙarshe, lokacin da gajiya ta kama su ko an riga an goge tsohuwar na'urar. Ni dai shawarata ita ce a fara da rubutun kai, a ba shi kaso mafi tsoka na lokaci da hankali.

Kafin a taɓa komai, a zauna a rubuta jerin abin da ake da shi, ko a littafin rubutu ko a Excel: sunan littafin, irinsa, inda aka samo shi, ko kyauta ne ko saye, da imel ɗin da aka yi sayen da shi. Mutum zai iya tarar yana ɗauke da ɗaruruwan littattafai da wani aboki ya zuba masa tun yana aji ɗaya, alhali waɗanda yake buɗewa kowane mako ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. A yi wa waɗannan alama, su ne za a fara kwashewa, sauran kuma su jira a cikin kwafin ajiya har bukatarsu ta taso.

Kwafin ajiyar nan ba a tsallake shi. A rufe manhajar gaba ɗaya kafin a fara kwafa, saboda yawancin waɗannan fayiloli ƙananan rumbunan bayanai ne na SQLite, kuma wanda aka kwafa alhali manhaja tana kan rubutu a cikinsa yana iya fitowa a gurgunce. A manhajar e-Sword, wadda Rick Meyers ya fara rabawa kyauta a shekarar 2000, littattafan suna zaune a foldar manhajar cikin Program Files, amma rubutun mai amfani yana wata foldar daban mai suna e-Sword a cikin Documents, kuma a nan ne ake samun fayiloli masu ƙarewa da .notx na bayanan aya, da .topx na batutuwa, da .jnlx na rubutun yau da kullum. Wanda ya kwafi foldar farko ya manta ta biyu, ya ɗauki abin da ke samuwa ne ya bar wanda ba ya samuwa. A manhajar theWord, wurin fayilolin ya danganta da irin girkin da aka yi mata tun farko, amma ita da kanta tana nuna wuraren a shafin bayani game da ita da ke ƙarƙashin sashen taimako. A wayar Android kuwa akwai haɗari na musamman, domin duk abin da manhaja ta ajiye a foldarta ta cikin Android/data yana gogewa tare da ita idan aka cire ta. Kada a cire tsohuwar manhaja da niyyar samar da fili sai an tabbatar kayan sun fita.

A yi kwafi biyu a wurare biyu, ɗaya a filash ko katin memori, ɗaya a Google Drive ko makamancinsa idan data ta samu. A dunƙule foldar zuwa fayil ɗin zip guda mai ɗauke da kwanan wata a sunansa, sannan a kai shi wata na'ura a gani da ido cewa yana buɗuwa. Filash ɗin da ake yawo da shi shagunan buga takardu na Kongo ko Samaru bai dace da wannan ajiya ba, tunda yana shiga kwamfutoci barkatai, kuma ta haka ne bairos mai ɓoye fayiloli yake yaɗuwa. A kuma yi aikin sa'ad da batir yake cike, don kada a ɗauke wuta ana tsakiyar kwafi.

Daga nan sai babban aikin, wato fitar da rubutun kai zuwa sigar da ba ta jingina da kowace manhajar nazari ba. Mutane sukan nemi hanyar da za ta ɗauke bayanai kai tsaye daga manhaja ta farko ta zuba su a ta biyu. Ko da an sami irin wannan hanya, gara a fara yada zango a tsakiya, a fitar da kowane rubutu zuwa fayil ɗin Word, ko RTF (wata sigar rubutu da Word ke buɗewa), ko rubutu zalla na .txt, waɗanda kowace kwamfuta ke buɗewa yau, kuma da wuya a wayi gari an daina buɗe su. Idan wurin rubutun manhajar yana da umarnin fitarwa, a yi amfani da shi, idan babu kuwa a buɗe rubutun ɗaya bayan ɗaya a kwafa a manna. Aiki ne mai cin rai, amma sau ɗaya ake yin sa, tunda duk ƙaurar da za ta biyo baya daga wannan taskar za ta tashi. Kowane wa'azi ya sami fayil ɗinsa, a fara sunan da lambar littafi da sura da aya, misali 43-03-16 don Yahaya 3:16, sannan taken wa'azin da shekarar da aka yi shi. Da wannan tsari kwamfuta za ta jera fayilolin da kanta daga Farawa zuwa Wahayi, kuma ko ranar da babu wata manhajar nazari a hannu mutum zai iya laluben wa'azinsa cikin minti guda.

Bayanan da aka rataya a jikin ayoyi sun fi wuya, saboda gajeru ne, suna da yawa, kuma amfaninsu yana cikin haɗinsu da ayar. A cikin fayil ba a rubuta sunan littafi, lamba ake sa masa. Wanda ya buɗe kwafin fayil ɗin da manhajar kyauta mai suna DB Browser for SQLite zai ga jadawali, kowane layi da lambar littafi da sura da aya da bayanin, kuma zai iya fitar da shi zuwa CSV, wato fayil ɗin jadawali na rubutu zalla, ya duba a Excel. A e-Sword da manhajar waya ta MySword lambobin daga 1 zuwa 66 suke, Farawa 1, Zabura 19, Matiyu 40, Yahaya 43. Manhajar MyBible kuwa tana da nata lissafin, inda Farawa yake 10, Fitowa 20, Zabura 230, Matiyu 470, Yahaya 500, Wahayi 730. Duk wanda ya kwaso jadawalin MyBible ya zuba a tsarin 1 zuwa 66 bai sauya lambobin ba, zai tarar bayaninsa na Farawa ya sauka a kan 2 Sama'ila, na Fitowa a kan Karin Magana, na Sabon Alkawari kuwa ya ɓace daga gani gaba ɗaya. Idan gurbin bayanin ya nuna alamomin da ba su karantuwa, to manhajar ta matse rubutun ko ta ajiye shi a nata salon, sai a haƙura a koma a fitar da shi ta cikinta. Kwafi kaɗai ake buɗewa da wannan kayan aiki, na asali ba a taɓa shi.

Sai matsalar da ta fi shafar mu masu rubutu da Hausa, wadda jagororin da aka rubuta don Turawa ba su damu da ita ba, wato haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Bayan kowace fitarwa da kowane sauyi, a nemi kalma irin "ƙauna" ko "ɗa" ko "ɓata" a duba yadda ta fito, domin yanayin lalacewar ne ke nuna maganinta. Idan ɗan akwati ya bayyana a gurbin harafin, rubutun lafiyarsa ƙalau, salon haruffan da aka zaɓa ne ba ya ɗauke da shi, kuma da an koma Charis SIL ko Gentium ko Andika, waɗanda duk kyauta ne, harafin zai dawo. Idan aka ga Æ™ a wurin ƙ, ko É— a wurin ɗ, to fayil ɗin a tsarin UTF-8 yake, wato tsarin ajiye haruffa na zamani, amma an karanta shi da tsohon tsarin Windows. Kada a adana shi a haka, a rufe shi a sake buɗewa a manhajar rubutu ta Notepad++ a gaya mata cewa UTF-8 ne. Excel yakan yi wannan idan aka danna fayil ɗin CSV kai tsaye, shi ya sa ya fi kyau a shigo da shi ta sashen Data a zaɓi UTF-8 da hannu. Idan kuwa alamar tambaya ce ta maye gurbin harafin a cikin fayil ɗin da aka riga aka adana, ɓarna ta afku, harafin ya mutu a wannan fayil, kuma babu gyara sai a koma kwafin ajiya a sake fitarwa. Wanda ya leƙa cikin fayil ɗin RTF ya ga \u409 ko \u599 kada hankalinsa ya tashi, lambobin ƙ da ɗ ne kawai.

Tsofaffin rubuce-rubuce suna da nasu ciwon. Kafin tsarin Unicode, mai ba kowane harafi lambarsa, ya yaɗu, ana amfani da salon haruffa na musamman wanda yake nuna ƙ a allo alhali abin da ke ƙasa wata alama ce daban. Da zarar irin wannan rubutu ya je na'urar da ba ta da salon, sai a ga baƙuwar alama ta kutsa tsakiyar kalma. Maganinsa shi ne a gano alamar da ke wakiltar kowane harafi, a yi amfani da umarnin nema da sauyawa a mai da su haruffan gaskiya, ƙanana da manya. Haka abin yake ga Helenanci da Ibrananci da aka buga da tsofaffin salon haruffa irin bwgrkl da bwhebb na BibleWorks, waɗanda suke komawa tarkacen haruffan boko idan salon ya ɓace, sai dai su sauya su da hannu yana da wuya, gara a sake kwafo kalmar daga nassin Unicode a manna.

Alamar hamza da ke cikin "'ya'ya" da "shari'a" da "wa'azi" ita ma tana bukatar lura. A ido iri ɗaya ce, amma kwamfuta tana da miƙaƙƙiya, tana da lanƙwasasshiya wadda Word yake sawa da kansa, tana kuma da wata ta uku da wasu masu buga nassi suka fi so. Idan nassin yana amfani da wannan, mai bincike kuma ya buga waccan, manhaja tana iya cewa kalmar ba ta cikin Littafi Mai Tsarki ko sau ɗaya. A kwafo alamar daga cikin nassin da ke sabuwar manhajar, a daidaita bayanan kai duka a kanta. A kuma gwada binciken "ƙauna" da "Ƙauna" daban-daban, saboda SQLite a kan kansa haruffan Turanci kaɗai ya san babbansu da ƙaraminsu, kuma manhajar da ba ta cike wannan giɓi ba, za ta tsallake irin wannan kalma idan ta zo a farkon jimla.

Littattafan kyauta ƙa'idarsu ɗaya ce: kada a sauya abin da za a iya sake saukewa. Kowace manhaja tana da sigar fayil ɗinta, e-Sword tana da .bblx da .cmtx da .dctx, da sababbinsu .bbli da .cmti da .dcti, theWord tana da .ont da .twm, MySword kuma .mybible, kuma canza ƙarshen sunan fayil ba ya mai da shi wani abu daban. Shahararrun littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare suna nan a shirye a kusan kowace manhaja, an riga an gyara haɗinsu da ayoyi, kuma sun fi duk abin da mutum zai sauya a gida tsabta. Idan tsadar data ce damuwa, mutum ɗaya ya sauke inda yake da intanet mai ƙarfi ya tura wa sauran ta Xender, muddin sharaɗin littafin ya yarda a raba shi. Waɗanda ke cikin dangin SWORD na ƙungiyar CrossWire, wato Xiphos da BibleTime a kwamfuta da AndBible a waya, sun fi kowa sauƙi, tunda sigar littafi ɗaya suke karantawa, sai dai a kwafi foldar mods.d da foldar modules tare, ɗaya ba ta aiki sai da ɗayar.

Idan sauyi ya zama dole, a nemi asalin nassin maimakon a sauya abin da aka riga aka sauya. Masu fassara suna aiki da sigar USFM a manhajar Paratext, kuma shafin eBible.org yana ba da fassarori masu yawa a wannan siga, ciki har da fassarar Hausa ta Sabon Rai Don Kowa, wadda Biblica ta sake ta da buɗaɗɗen lasisi mai sharaɗin a ambaci masu ita kuma a raba ta bisa sharaɗi iri ɗaya. Manhajar BibleMultiConverter tana juya USFM da wasu sigogin nassi irin OSIS da Zefania zuwa sigogin manhajoji da dama, amma tana bukatar manhajar Java da buga umarni da hannu, don haka wanda bai saba ba ya nemi ɗalibin kimiyyar kwamfuta a ikilisiya ya zauna tare da shi.

Ko da sauyin ya tafi daidai, akwai bambancin lissafin ayoyi, wanda ba ya nuna kansa sai an neme shi. Surori da ayoyi daga baya aka sa su a nassi, kuma ba kowa ya sa su wuri ɗaya ba. Manhajojin e-Sword da theWord da MySword sun ginu a kan lissafin fassarar King James mai ayoyi 31,102, wato 23,145 a Tsohon Alkawari da 7,957 a Sabon Alkawari. A theWord abin ya fi tsanani, domin fayil ɗin .ont rubutu ne zalla, kowace aya a layinta, kuma da ƙidayar layi manhajar take gane aya, saboda haka idan layi ɗaya ya ɓace a Fitowa, duk abin da ke bayansa har Wahayi zai goce da aya guda. Nassin Ibrananci yana da nasa lissafin: Malakai sura uku ce kawai a cikinsa, abin da muka sani da Malakai 4:1-6 shi ne 3:19-24, Yowel 2:28-32 shi ne 3:1-5, kuma taken da ke saman Zabura ana ƙirga shi cikin ayoyi, har Zabura 51:1 ta zama 51:3. A tsohuwar fassarar Helenanci da ta Latin, Zabura 23 ita ce 22. Wasiƙar Yahaya ta uku tana ƙarewa da aya 14 a wasu fassarori, a wasu kuma 15. Akwai ayoyi irin Matiyu 17:21 da Ayyukan Manzanni 8:37 waɗanda fassarori da yawa na zamani suka mayar ƙasan shafi, kuma dole a bar musu gurbinsu ko da babu komai a ciki, haka ma inda masu fassara suka haɗe ayoyi biyu wuri ɗaya. 'Yan'uwa Katolika masu littattafai 73 su lura cewa tsarin da ya san 66 kaɗai yana iya yar da sauran shiru ba tare da gargaɗi ba. Waɗannan wuraren su ne ma'auni: bayan kowane sauyi a buɗe su ɗaya bayan ɗaya da bugaggen Littafi Mai Tsarki a hannu, a ƙara da ayar ƙarshe ta Wahayi, 22:21, wadda idan ta zauna daidai alama ce cewa babu layin da ya zame a hanya.

Sunayen littattafan da Hausa su ma suna hana haɗin aya aiki, kuma tushen wannan yana nan kusa da mu. Fassarar 1932, wadda Dokta Walter Miller na mishan ɗin da ya zauna a birnin Zariya kafin ya koma Wusasa ya yi babban aiki a kanta, ta ce Matta da Yohanna da Kubawar Shari'a da Ru'ya ta Yohanna. Wadda ta biyo baya bayan kusan shekara hamsin ta ce Matiyu da Yahaya da Maimaitawar Shari'a da Wahayin Yahaya. Fasto ɗaya yakan gauraya su a rubutunsa bisa ga littafin da ke hannunsa ranar, sannan ya taƙaita su yadda ya ga dama, alhali "Yah" tana iya nufin Yahaya ko Yahuza, "Fil" kuma Filibiyawa ko Filimon. Yawancin manhajoji da sunayen Turanci suke gane aya, don haka "Zab 23:1" a wurinsu rubutu ne kawai da ba ya dannuwa. A zaɓi suna ɗaya ga kowane littafi a daidaita rubutun duka a kansa, sannan a duba ko sabuwar manhajar tana yarda a koya mata sunayen Hausa. Idan ba ta yarda, a bar sunan Hausa a jikin rubutu don mai karatu, a sa wanda manhajar ta sani a cikin haɗin kaɗai. Haka ake yi wa lambobin Strong, wato lambobin da aka ba kalmomin nassi na asali, waɗanda suka fito tun 1890, H1 zuwa H8674 na Ibrananci da G1 zuwa G5624 na Helenanci: wata manhajar tana rubuta H430, wata H0430, kuma idan danna lamba bai buɗe ƙamus ba, a nan za a fara dubawa.

Littattafan da aka saya kuwa ba sa bin mutum daga wannan kamfani zuwa wancan. Abin da aka saya a Logos ko Accordance ko Olive Tree a kulle yake, yana ɗaure da asusun mai saye, kuma a cikin manhajar kamfanin kaɗai yake buɗuwa. Daga tsohuwar kwamfuta zuwa sabuwa babu wahala, a girka manhajar a shiga da imel da kalmar sirri a sake saukewa. Daga kamfani zuwa kamfani kuwa sai a rubuta wa sabon a nuna masa rasidi a tambayi ko yana da rangwame ga wanda ya riga ya mallaki littafin a wani wuri, tunda wasunsu suna yin hakan ga wasu littattafai. Idan babu, babu laifi a bar tsohuwar manhajar a gefe don littafi biyu ko uku da ba a so a sake saye. Abin da ba zan goyi bayansa ba shi ne karɓar fayilolin da aka fasa kullensu ana yawo da su a WhatsApp. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana kare rubutaccen aiki har shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa, kuma ko ba don doka ba, bai dace mai koyar da "kada ka yi sata" ya shirya darasinsa da littafin da aka sato ba. Fassarar Hausa ma tana da masu ita, kasancewarta Maganar Allah bai mai da aikin masu fassara marar mai shi ba.

Duk wannan ya rataya ne a kan imel, kuma a nan mutane da yawa suke faɗuwa, saboda a shagon waya aka buɗe musu shi ranar da suka sayi wayar, ba su riƙe kalmar sirrin ba. Masu amfani da YouVersion, wadda cocin Life.Church na Amurka ya fitar a 2008, bayanansu da launukansu suna cikin asusu ne, suna dawowa a sabuwar waya idan an shiga da asusun da aka saba. A gwada shiga a wata na'ura tun tsohuwar wayar tana hannu, layin da ake turo lambar tabbatarwa kuma yana aiki.

Shigar da kaya a sabuwar manhaja a fara shi da kaɗan: wa'azi uku, bayanan sura ɗaya, fassara ɗaya, ƙamus ɗaya. A zaɓi waɗanda suka fi rikitarwa, masu Hausa da Helenanci da ayoyi da yawa a wuri ɗaya, domin idan sun wuce lafiya sauran ma za su wuce. Logos tana karɓar fayil ɗin .docx ta mai da shi littafin mutum na kansa a kan kwamfuta, manhajar ToolTip NT tana haɗa littafin e-Sword daga RTF, theWord da MySword kuma suna ba da damar buɗe sabon littafi a manna rubutu a ciki. Launukan da aka shafa wa ayoyi su ne suka fi ƙin ƙaura, saboda sau da yawa an ɗaure su da kalmomin wata fassara takamaimai. A fitar da jerin ayoyin idan manhajar ta yarda, a rubuta abin da kowane launi yake nufi, sannan a sake shafa masu muhimmanci a hankali yayin karatun yau da kullum.

Ganin hadari ba ya sa a zubar da ruwan tulu, don haka tsohuwar manhaja ta zauna yadda take har a yi watanni ana aiki da sabuwar, aƙalla a ratsa Kirsimeti da Ista, tunda a irin waɗannan lokutan ne mutum yake neman tsohon wa'azin da bai tuna da shi ba ranar ƙaura. Idan za a sayar da tsohuwar kwamfutar ko a ba wani ɗalibi, a fita daga dukkan asusu tukuna, a sake gwada kwafin zip ɗin a wata na'ura, sannan a goge. A cikin foldar ajiyar a bar ƙaramin fayil na .txt mai ɗauke da ranar ƙaurar, sunan tsohuwar manhaja da lambar sigarta, jerin littattafan da aka saya da imel ɗin kowanne, sunayen littattafan Hausa da aka daidaita a kansu, da irin hamzar da aka zaɓa. Kalmar sirri kada ta shiga wannan fayil, a rubuta ta a takarda a ajiye inda ake ajiye takardun gida masu muhimmanci.